Jimillar awannin ma'aikata a Excel tana ba ni lissafin da ba shi ba

Mai gidan biredi, Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ma'aikata 14, wasu na rana, wasu na dare, kuma da awa nike biyan su. Na rana yana shiga 7:00, ya tashi 16:00, da hutun minti 30 na sallah da abinci, kwana shida a mako. In na tara da SUM sai in ga 3:00 maimakon awa 51. Na dare kuwa, 22:00 zuwa 6:00, gurbin cika yake yi da ####. In na ninka da naira 500 sai kuɗin su fito 1,062.50. Haƙƙin mutane ne, ba ni son in tauye kowa. Mi ya kamata in yi?

Akanta, Arkilla: Wa alaikumus salam Alhaji. Matsalolin ukun tushensu ɗaya ne. A wurin Excel lokaci yanki ne na kwana: awa 24 ita ce 1, ƙarfe 12:00 na rana 0.5, ƙarfe 6:00 na safe 0.25.

Jimillarka daidai take a ciki, yadda ake nuna ta ne ya gaza. Awa 51 kwana biyu ne da awa uku, tsarin agogo sai ya jefar da kwana biyun ya nuna 3:00. Zaɓi gurbin jimilla, danna Ctrl+1, shiga Custom, ka rubuta [h]:mm. Bakan da ya kewaye h shi ke hana awanni komawa sifili bayan 24. Nan take za ka ga 51:00.

Kuɗin ma haka ne: 51:00 a ciki 2.125 ne, shi ka ninka da 500. Sai ka fara ninkawa da 24 tukuna, sannan da kuɗin awa, 25,500 za ta fito. Ka mai da gurbin kuɗin zuwa Number, don wani lokaci yana gadon tsarin agogo daga gurbin da aka ɗauko.

Malama mai koyar da kwamfuta, Runjin Sambo: Alhaji, ga tsarin da zan ba ka. A lambar ma'aikaci, B kwanan wata, C shiga, D fita, E hutu da minti, F awanni. A F2 rubuta:

=MOD(D2-C2,1)-E2/1440

Ga na dare, 6:00 a cire 22:00 yana faɗawa ƙasa da sifili, Excel kuma ba ya nuna irin wannan lokacin, shi ne #### ɗin. MOD na ƙara masa kwana ɗaya ya koma 8:00, na rana kuma ba ya taɓa shi. 1440 ɗin mintocin kwana guda ne. In Excel ya ƙi fomular, gwada alamar ; a madadin waƙafi, wasu kwamfutocin haka anka saita su.

Akanta, Arkilla: Malama ta yi daidai, amma akwai rami a nan da ya fi #### haɗari, don shi ba ya nuna kansa. In an manta ba a rubuta lokacin fita ba, Excel na ɗaukar gurbin a matsayin 12 na dare. Wanda ya shiga 7:00 sai a lissafa masa awa 17 kafin a cire hutu, ba wata alama. A rufe shi haka:

=IF(COUNT(C2:D2)<2,"DUBA",MOD(D2-C2,1)-E2/1440)

COUNT lambobi kawai yake ƙirgawa, saboda haka yana kama har lokacin da ya shiga a matsayin rubutu. SUM na tsallake kalmar DUBA, kai kuma idonka zai faɗa kanta kafin ranar biya.

Magatakarda, Gawon Nama: Ku ja kunnen yaron da ke shigar da lokaci. 8:30 daban, 8.30 daban. Da ɗigo Excel kwana takwas da 'yan awanni yake gani. Kuma awa takwas da rabi 8.5 ce, ba 8.3 ba. Wanda ya ninka 8.3 da 500 ya ba da 4,150, alhali haƙƙin 4,250 ne. Naira 100 ke nan kullum a kan mutum ɗaya. A yi amfani da agogon awa 24, a rubuta 16:00, don 4:00 kawai asuba ce a wurin Excel.

Mai gidan biredi, Mabera: Allah Ya saka da alheri, 51:00 ta fito. Saura jimillar kowa shi kaɗai a ƙarshen wata, da kuɗin abin da ya wuce awa takwas.

Malama mai koyar da kwamfuta, Runjin Sambo: Jera lambobin ma'aikata a J daga J2, ranar farkon wata a L1, ta ƙarshe a M1. A K2:

=SUMIFS(F:F,A:A,J2,B:B,">="&$L$1,B:B,"<="&$M$1)*24

Ka ja ta ƙasa, gurbin ya zama Number. Alamar $ ke riƙe ranakun kada su zame. Na ce lamba ba suna ba, don gida ɗaya kan samu Bello uku, kuma Abubakar da Abubakr mutum biyu ne a wurin SUMIFS.

Ƙarin awa kullum ake lissafa shi. A G2:

=IF(ISNUMBER(F2),MAX(0,ROUND(F2*1440,0)/60-8),0)

Mai 8:30 zai samu 0.5. Ka tara G da irin SUMIFS ɗin can, amma ban da *24, don ita riga awa ce. Awannin G suna cikin jimillar K, saboda haka a cire su daga K kafin a biya su da nasu farashin, kada a biya sau biyu.

Magatakarda, Gawon Nama: Wanda ya shiga 22:00 ranar 31 ga wata ya fita 1 ga sabo, duk awanninsa watan da ya shiga za su faɗa, tunda B ranar shiga ce. Alhaji, ka sanar da ma'aikatan dare wannan tun yanzu. Ranar Juma'a kuma a rubuta ainihin mintocin da aka yi a masallaci a E, in dai yarjejeniyarku ta ce ana cire su.