Neman shawara: Ina mataki na 10, in yi MPA ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Ni ma'aikaciyar gwamnatin jiha ce a ɓangaren mulki, ina mataki na 10, kuma na haura shekara goma ina aiki. Digirina na farko a kimiyyar siyasa na yi. Bana na samu gurbin MPA, wato mastas a harkar gudanar da mulkin gwamnati, na ƙarshen mako a wata jami'a da ke kusa da mu, Juma'a da yamma da Asabar. Da na lissafa kuɗin rajista da na mota da na kundin bincike, sai na ga ko dai in ci bashin kofaretib, ko in sayar da ɗan filin da na saya da kuɗin adashi. Yarana uku, ƙaramin bai shiga firamare ba. Maigidana bai hana ba, cewa ya yi in tabbatar abin zai amfane ni.

Daraktana ya ce mastas ba ta ƙara wa kowa mataki. Ƙawata ta ce ba a yin PhD da MPA, gara MSc, wato mastas ta bincike. Wani kuma ya ce in nemi tallafi in tafi waje. Abin da ke raina biyu ne: ba na son in yi ritaya ina ƙasa, sannan yana yi min ciwo a zo taro ana maganar kasafin kuɗi ko tsara manufa in kasa sa baki. Don Allah waɗanda suka san harkar ku ba ni shawara.

Tsohon Darakta:
Wa alaikumus salam. 'Yata, daraktanki bai yi miki ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa miki. A tsarin aikin gwamnatin tarayya, wanda yawancin jihohi suka kwaikwaya da 'yan sauye-sauye, mastas tana amfani kai tsaye ne ranar ɗaukar aiki: mai digiri ɗaya ya fara daga mataki na 8, mai mastas ya fara daga na 9. Ke kin wuce nan. Yanzu abin da ke ɗaga ki shi ne cikar shekarun ƙa'ida, da samuwar gurbi, da rahoton aikinki na shekara, da cin jarrabawar ƙarin girma. Daga mataki na 7 zuwa na 14 shekara 3 ake yi a kowane mataki, daga na 15 shekara 4.

Ɗauki biro ki lissafa. Babu mataki na 11, daga 10 sai 12. Daga 10 zuwa 12, 13, 14, 15 shekara 12 ke nan, sannan 16 da 17 shekara 8. Jimilla 20, idan ba a samu tsaiko ba, kuma ana samu. Doka ta ce shekara 35 a aiki ko 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. To kin ga kina da sarari ki kai darakta, amma ba ki da shekarun da za ki zubar, kuma faɗuwa jarrabawa sau ɗaya tana iya cin miki shekara guda. A nan karatun yake shigowa. Tambayoyin da ake yi daga mataki na 14 zuwa sama ba na hadda ba ne kawai. Za a tambaye ki dokokin aiki da na kuɗi, a tambaye ki dokar sayayyar gwamnati ta 2007, a ce ki bayyana abin da asusun bai-ɗaya na TSA ya sauya tun 2015, a ba ki matsala a ce ki rubuta wa babban sakatare shawara. Na zauna a irin waɗannan kwamitoci, kuma daga amsar farko ake gane wanda ya karanta.

Abu mafi muhimmanci, kada ki biya ko sisi sai kin samu izini a rubuce. Ki rubuta takarda ta hannun daraktanki zuwa babban sakatare, ta wuce ofishin shugaban ma'aikata, ki haɗa da takardar gurbin. Ko da na ƙarshen mako ne, ki nema, tunda za ki riƙa tashi da wuri ranar Juma'a. Na ga mutanen da suka gama karatu suka kawo shaida aka ƙi sa ta a fayil don ba su nemi izini ba tun farko. Idan amsa ta fito ki yi hotonta, ɗaya a fayil ɗinki, ɗaya a gida.

Malam na Kongo:
Bari in yi magana kan abin da ƙawarki ta ce. MPA digiri ne na ƙwarewar aiki, an tsara shi don wanda yake kan kujera. MSc na bincike ne, yana da kundi mai zurfi da kare shi a gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a, kuma shi yawancin jami'o'inmu suke nema kafin su ba da gurbin PhD. Wasu sukan karɓi mai MPA amma su ce sai ya bi ta M.Phil, wani digirin bincike da ke tsakanin mastas da PhD, tukun. Saboda haka ki tambayi kanki, Hajiya: kina son ki koma koyarwa a jami'a wata rana? Idan e, MSc. Idan a ma'aikata za ki ƙare, kamar yadda na fahimta daga rubutunki, MPA ta fi dacewa da ke, kuma ba ƙasƙanci ba ne. Cibiyar koyar da mulki ta Kongo a Zariya ta samo asali tun 1947 don horar da ma'aikata, kafin ma a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Horar da mai aiki a kan aikinsa shi ne asalin fannin a Arewa.

Kwasa-kwasan da za su magance abin da ke damun ki su ne sarrafa kuɗin gwamnati, nazarin manufofi, kula da ma'aikata, da dokar mulki. Kafin ki biya, ki je sashen ki ga jadawalin, ki tambayi 'yan ajin da ke gabanki ko malamai suna shiga aji, kuma shekara nawa mutane suke yi kafin a sallame su. Wannan tambayar ta ƙarshe ta fi kowacce, don kundi ne yake riƙe mutane, ba jarrabawa ba.

Abban Sultan:
Ni dai ra'ayina ki riƙe kuɗinki. A ofishinmu akwai masu mastas biyu-biyu suna nan zaune ba ko teburin kirki, wanda ya san wani kuma an ba shi babban sashe. Ki ja jari da kuɗin ya fi miki.

Tsohon Darakta:
Abban Sultan, abin da ka faɗa yana faruwa, ban musa ba. Amma ko wanda aka ɗora da alfarma, idan kwamishina ya ce gobe da safe yana son takardar da za a shiga da ita majalisar zartarwa, sai ya nemo wanda ya iya rubutawa. Wannan mutumin ba a mantawa da shi a ma'aikata.

Maman Walid:
'Yar uwa, ni na yi, ina da goyo ma a lokacin, don haka zan faɗa miki abin da na gani. Kada ki sayar da filin nan. Kuɗin makaranta kashi-kashi ake biya, zango-zango, bashin kofaretib kuma a albashi ake cira a hankali. Fili idan ya tafi ba ki ƙara samun sa a wannan farashin. Ki ci bashin shekarar farko kawai, ta biyu ki shiga adashi tun yanzu ki nemi ɗauka ta faɗo daidai lokacin rajista.

Maganar gida, ki zauna da maigida ku yi ta dalla-dalla, ba "na yarda" kawai ba. Wa zai ɗauko yara daga islamiyya ranar Asabar? Wa zai riƙe ƙaramin? Ni ranar Alhamis da dare nake yin miya kala biyu in sa a firiza, ƙanwata ta zo ta kwana Juma'a. Biki da suna na Asabar kuwa sai dai ki aika da gudummawa ki bi daga baya da ban haƙuri, kuma za a yi ƙorafi, ki shirya wa wannan. Karatuna bayan sallar asuba nake yi kafin yara su tashi, don da dare ba na iya komai.

Abin da ya fi amfanar da ni shi ne kundin. Malamin da ya duba ni ya hana ni ɗaukar babban take irin na cin hanci a Najeriya, ya ce in rubuta kan abin da ke gabana. Sai na bi fayilolin masu ritaya a ma'aikatarmu, daga ranar da mutum ya miƙa takardar ajiye aiki zuwa ranar da fayil ya bar ginin. Na zauna a rajista ina duba littafin shige da fice, tebur bayan tebur. Sai na ga yawancin jinkirin a wuri ɗaya yake, inda fayil ke jiran a tabbatar da ranar fara aiki da ranar haihuwa, saboda takardar ɗaukar aiki ta farko ba ta cikinsa. Na ba da shawarar a riƙa duba fayil ɗin kowa shekara guda kafin ritayarsa. An karɓa, kuma daga nan aka fara kira na taron da a da ba na shiga. Ki zaɓi matsala a ofishinki tun zangon farko, ki fara tara bayanai, ki kuma nemi izinin amfani da su.

Ɗan Zinder:
Ikon Allah, a nan Nijar da bambanci. Ma'aikaci yakan ci jarrabawar shiga makarantar horar da ma'aikata ta ENA da ke Yamai, idan ya fito da shaida a sauya masa rukuni zuwa na sama. Na ga a wajenku shaidar ba ta ɗaga mutum da kanta. Allah ya ba da sa'a, Hajiya.

Anti Malama:
Kan zuwa waje, kada ki cire rai amma kada ki jira shi. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana biyan mastas na shekara ɗaya, tana neman gogewar aiki ta aƙalla shekara 2, da sharaɗin ki dawo gida ki yi shekara 2 bayan kin gama. Gidauniyar Aig-Imoukhuede ma tana tura ma'aikatan gwamnati karatun manufofin jama'a a makarantar Blavatnik ta Oxford. Gasar tana da zafi, kuma a rubutun neman abin da suke so su gani shi ne gyaran da kika kawo a wurin aikinki. Irin aikin da Maman Walid ta faɗa shi ne abin rubutawa. Hukumar asusun tallafa wa ilimi ta TETFund kuwa ta ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ce, ba ta shafe ki ba. Sannan ki yi hattara da masu tallar digiri na 'yan watanni. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo saboda irin wannan. Ki duba cewa hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin kansa, ba jami'ar kaɗai ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Filin na fasa sayarwa. Baba, tambaya ɗaya ta rage: in nemi hutun karatu da albashi in yi na cikakken lokaci, ko in tsaya a na ƙarshen makon? Kuma ASCON da NIPSS da nake ji fa, ana nema ne?

Tsohon Darakta:
Ki tsaya a na ƙarshen makon, 'yata. Hutun karatu da albashi yana zuwa da yarjejeniyar sai kin dawo kin yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru, wannan ba zai dame ki ba tunda ba barin aikin za ki yi ba. Abin da nake jiye miki shi ne barin kujera daidai lokacin da kike dab da mataki na 12, ga shi kuma kundinki yana buƙatar ki kasance cikin ofis. ASCON, kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati da ke Topo a Badagry, wadda aka kafa a 1973, tana da gajerun kwasa-kwasai, kuma ma'aikata ce take tura mutum, don haka ki je wurin jami'in horarwa ki ce a sa sunanki a jerin shekara mai zuwa. NIPSS, cibiyar nazarin manufofi da dabarun ƙasa da ke Kuru, wadda aka kafa a 1979, ta manya ce, daraktoci da takwarorinsu na soja da 'yan sanda, kuma zaɓo mutum ake yi, wannan sai nan gaba. Ranar Litinin ki rubuta takardar izinin, ki kai da hannunki, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki, sannan ki tambayi jami'ar ranar rufe rajista don ki san kwana nawa kike da su na bin fayil ɗin.