Ta yaya za mu san yawan mutanen unguwarmu tunda ba a sake ƙidaya ba?

Sakataren Kwamiti, Kubwa:
Assalamu alaikum. Kwamitin unguwarmu na son rubuta wa ƙaramar hukumar Bwari takardar neman ƙarin ajujuwa da rijiyar burtsatse. An ce sai mun sa adadin jama'a, ga shi rabon da a yi ƙidaya a ƙasar nan tun 2006. Masana, yaya ake fitar da adadin da za a yarda da shi?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku ɗauki alƙaluman 2006 ku ninka. A wancan lokacin an samu mutum kusan miliyan 1.4 a babban birnin tarayya, Hukumar Ƙidaya ta ce ƙaruwar shekara ta kai kashi 9.3 cikin ɗari, alhali ta ƙasa baki ɗaya 3.2 ce. Raba 70 da adadin ƙaruwa, za ka ga shekarun da jama'a ke ninkawa: ƙasa kusan 22, Abuja ƙasa da 8. Haihuwa kaɗai ba ta kawo wannan, baƙi ne ke kwararowa, kuma ba su bazu daidai ba. Maitama da Asokoro ba su cika kamar Kubwa, Lugbe da Nyanya ba, saboda kuɗin haya ke tura mutane gefen gari.

Ku ƙirga da kanku. Ku bi layi-layi ku lissafa ƙofofin gidaje, sannan ku shiga kowane gida na goma, ba wanda maigidansa aboki ne ba. Tambayar ita ce mutum nawa suka kwana a nan jiya, tare da shekarun yara. Misali, ƙofa 600, kun shiga 60, kun samu mutum 840: kowace ƙofa 14 ke nan, unguwa 8,400.

Inda ake tafka kuskure shi ne ɗaukar ƙofa ɗaya a matsayin iyali ɗaya. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyu zai iya ɗaukar iyali takwas, to a ƙwanƙwasa kowane ɗaki. Kar a yi aikin da rana tsaka, masu aiki sun tafi cikin gari tun asuba. Yammacin Asabar ko Lahadi ya fi. A sa masu gadi da masu kwana a kangwaye. Kuma ku tafi da wakilin mai unguwa, don mutanen Abuja ba su manta rusau na zamanin da el-Rufa'i ke ministan Abuja ba, da sun ga baƙo da biro da takarda sai su rage adadi.

Malama 'Yar Firamare:
Malam Mai Lissafi ya gama magana a kan jimilla, amma takardar makaranta ba jimilla take so ba. Ku ware yara 'yan shekara 6 zuwa 11, ku raba da 35, wanda shi ne adadin da manufar ilimi ta ƙasa ta tsara wa malami ɗaya a firamare. Ku cire waɗanda ke makarantun kuɗi, in ba haka ba jami'in ilimi zai cire muku da kansa ya daina yarda da sauran lissafin.

Abin da aka fi mantawa shi ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Masu zuwa Abuja neman aiki yawanci matasa ne, su yi aure a nan, su haihu a nan, jaririn bana kuma shi ne ɗan aji ɗaya bayan shekara shida. In goyo da na yaye sun fi 'yan firamare yawa, ajin da kuka nema zai cika kafin fenti ya bushe.

Injiniyan Ruwa:
A kan burtsatse, ku rage buri. Mafi ƙarancin abin da ake lissafa wa mutum na sha, girki, wanka da wanki lita 50 ne a rana. Mutum 8,400 na misalin can lita 420,000 ke nan. Rijiyar da ke ba da lita ɗaya a daƙiƙa, in sola ta ja ta awa takwas, ba ta kai lita 29,000 ba. Ɗaya ba za ta raba ku da 'yan garuwa ba, don haka ku haɗa da neman a jawo muku bututun hukumar ruwa, tunda madatsar Usuma na kusa da ku.

Ƙasan Abuja dutse ne, ruwan yana cikin tsagoginsa, shi ya sa maƙwabci zai samu kai ka rasa. A yi binciken ƙasa kafin haƙa, a kuma gwada ƙarfin ruwan a watan Maris, lokacin da ya ja baya. Gwajin damina ruɗi ne. A bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiyar da ramin masai mafi kusa. A unguwar da aka yanka filaye ƙanana kowa ya haƙa nasa ramin, samun wannan tazarar shi ne babban aiki, kuma rashinta ke kawo taifot da kwalara.

Sakataren Kwamiti, Kubwa:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, filin da muke da shi na bayan masallaci ne, kusa da banɗakuna. Za mu auna tazarar kafin zaman kwamiti.