Idan TNF ce ke kunna wutar, me ya sa toshe ta ba ya ceton mai sefsis (mummunan martanin jiki ga ƙwayar cuta, mai lalata sassan jiki)?

Ɗalibar Likitanci:
Assalamu alaikum malamai. Wani abu ya ɗaure mini kai. An ce gubar LPS da ke bangon bakteriya irin su E. coli da ƙwayar sanƙarau ita ke tayar da TNF, ɗaya daga cikin saitokin (sinadaran aika saƙo na garkuwar jiki), ita kuma TNF ta tayar da sauran saitokin. To me ya hana a toshe TNF ɗin kawai a huta?

Malamin Garkuwar Jiki:
Wa alaikumus salam. An gwada, 'yata, kuma lokaci ne ya kayar da shi. Da LPS ta shiga jini, furotin LBP zai ɗauke ta ya miƙa wa furotin CD14, daga nan ta hau kan MD-2 da TLR4, masu gano ta a jikin makurofej (ƙwayar garkuwa mai haɗiye bakteriya), sai NF-κB, makunnin da ke cikin ƙwayar, ya buɗe ƙofar ƙera TNF. A mutanen da aka yi wa allurar LPS don gwaji, TNF kan kai ƙololuwa cikin kamar minti 90, kafin 'yan awanni ta ɓace. IL-6, wata saitokin, na biye da ita, wajen awa 2 zuwa 3. A 1985 Bruce Beutler da abokan aikinsa sun kare ɓeraye daga mutuwa ta hanyar toshe TNF, amma kafin a ba su gubar aka ba su kariyar. Mara lafiya kuwa sai ya kwana yana rawar sanyi ake kawo shi. Lokacin TNF ta riga ta gama ɓarnarta: jijiyoyi sun saki saboda nitirik oksaid, suna yoyo, jini ya faɗi, ya fara daskarewa a ƙananan hanyoyi. Shi ya sa gwaje-gwajen shekarun 1990 ba su kai ga magani ba.

Mai Awon Jini:
Ƙari kan bayanin Malam: saitokin ba layi ɗaya suke bi ba. IL-1β tana da nata mabuɗin, sai furotin caspase-1 ya yanka ta take aiki, kuma tana iya kawo zazzaɓi da faɗuwar jini ko babu TNF. Su biyun in sun haɗu, kowacce na ƙara wa 'yar'uwarta ƙarfi. HMGB1 kuma, wata mai rura wutar, sai bayan awa 8 ko fiye take fitowa. Sannan ga IL-10 mai yayyafa ruwa a wutar. In ta yi yawa, garkuwa ta kwanta, wata cutar ta samu shiga. Abin tausayi, wasu sun tsallake ranakun farko, wannan matakin ne ke tafiya da su.

Ɗalibar Likitanci:
Na gode ƙwarai. Ke nan dalilin ba da dexamethasone, maganin rage kumburi, da wuri a sanƙarau?

Malamin Garkuwar Jiki:
Shi ne. Maganin kashe bakteriya na farfasa su, ɓurɓushin bangonsu ya watsu a ruwan ƙwaƙwalwa, ya tayar da saitokin. Don haka ake ba babba dexamethasone miligiram 10 kafin allurar farko ta maganin bakteriya ko tare da ita, duk awa 6, kwana 4. Amfaninsa ya fi bayyana a sanƙarau da bakteriyar niumokokas ke kawowa, kuma gwajin da aka yi a Malawi bai nuna raguwar mace-mace ba. Kada dai a jinkirta ceftriaxone, maganin kashe bakteriyar, don ana jiran dexamethasone.