Aikin dare da cefanen gida: shawarwarin matan adashe a Garwa

Ranar Juma'a bayan la'asar muka zauna zubin adashe a Garwa da ke arewacin Kamaru, hira ta gangaro kan yadda aiki ke hargitsa gida. Mazajenmu galibi 'yan acaɓa ne, masu gadi, ko leburorin gurzar auduga, aikin da ke tsayawa in kakar auduga ta wuce.

An fi daɗewa kan mai aikin dare. Ya shigo da asuba yara na shirin makaranta, da rana kuma zafin Afrilu, mai haura digiri 40, ba ya barin kowa runtsawa ƙarƙashin rufin kwano. Wata dattijuwa ta ce a shimfiɗa masa tabarma a gindin dalbejiya, a kuma dawo da tuwon dare kafin magariba, yara su ci tare da ubansu ido biyu. Ni dai wannan ta fi kwanta mini.

Cefane kuwa, aka ce a sayi dawa tun da kaka, lokacin da kuɗin sefa ke hannu.

Masu suyar ƙosai su yi karɓa-karɓar reno da maƙwabta, kada goyo ya hana babbar 'ya makaranta. Nan gardama ta kaure, har aka kira magariba ba a daidaita ba.