Taƙaitaccen bayani kan gyaran kofaton doki marar takalmi

A tattaunawar da wasu masu dawakai suka yi a Kaduna, an daɗe ana magana a kan yadda mutum zai koyi gyara kofaton dokinsa da kansa ba tare da sanya masa takalmin ƙarfe ba. Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce mai koyo ya fara tsayawa kusa da gwani yana kallo, kuma ya riƙe magagari kafin ya taɓa wuƙa, domin magagari kaɗan-kaɗan yake ci, alhali kuskuren wuƙa sai an jira kofato ya sake tsirowa.

Kofato yana ƙaruwa da kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata, saboda haka gyara kaɗan duk mako 4 zuwa 6 ya fi a bari ya yi tsawo sannan a datse da yawa. An gargaɗi masu koyo da kada su ƙwaƙule tafin, kuma kada su yanke naman nan mai kusurwa uku da ke tsakiyarsa, wanda shi ne yake rage wa ƙafa ƙarfin dukan ƙasa. A ganina wannan gargaɗi ya fi sauran nauyi.

Yanayin Kaduna ma ya shigo cikin maganar. Da damina, dokin da ke tsaye a turke mai laka yakan kamu da ruɓewar tafi mai wari, don haka a riƙa share kofaton kullum. Da hunturu kuwa kofato yakan bushe ya tsage, sai a goge gefensa ya zama mai santsi. Idan doki ya fara ɗingishi ko kofaton ya yi zafi, a ajiye magagari a kira likitan dabbobi.