Agogo ya ce 12:00, rana ba ta tsaya ba

Mai_Tambaya: Jama'a, ƙarfe 12:00 na yi amma inuwa ba ta gama gajarta ba. Agogo ne ke gaggawa?

Ɗan_Falaki: Shi ne, malam. An saita agogon Najeriya kan layin digiri 15 na gabas, garuruwanmu kuma suna yamma da shi; kowane digiri ɗaya zuwa yamma na jinkirta tsakar rana da minti 4. Shi ya sa zawalin Maiduguri ke riga na Sakkwato da kusan minti 32.

Uwar_Gida: Kafa sanda a miƙe a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ka riƙa yi wa bakin inuwarta alama duk minti 10. Inda ta fi gajarta, nan ne tsakar rana. Sai da haƙuri, kuma in sandar ta karkace awo ya ɓaci.

Ɗan_Falaki: A riƙa sake awon. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu zawali kan jinkirta da kusan rabin awa.