Shawara: ina za mu kai yara da Inna a Roscommon?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hutun farkon watan Mayu muna so mu bar Dublin kwana biyu, mu shaƙi iskar karkara. Surukata ta zo daga Katsina, wata uku ke nan ba ta ga komai ba sai bango da tagar mota. An ce mana yankin Roscommon, nan ƙasar Ailan, akwai daji da tsofaffin gine-gine. Wa ya taɓa zuwa? Yara biyu ne, ɗaya a keken jarirai, ita kuma Inna gwiwa na damunta.

Malam na Sligo: Wa alaikumus salam. Hajiya, ku sauka a garin Boyle. Jirgin ƙasan da ke zuwa Sligo daga tashar Connolly yana tsayawa a nan, amma tunda da tsohuwa, mota ta fi. Dajin Lough Key mintuna kaɗan ne daga garin. Hanyoyin bakin tafkin shimfiɗaɗɗu ne, keken yaro zai bi lafiya, akwai bencina da Inna za ta huta. Kun kuma dace da lokaci, don a ƙarshen Afirilu zuwa Mayu ne furanni shuɗɗa ke rufe ƙasan dajin. Ranar da na fara ganinsu tsayawa na yi ina tasbihi, kamar an zuba shuni a ƙarƙashin bishiyoyi.

Anti Nas: Na goyi bayan Malam. Akwai gadar katako da ke bi ta tsakanin rassan bishiyoyi, wajen mita 9 daga ƙasa, yara na sonta sosai. Daga bakin ruwa kuma za ku hango tsohuwar fadar McDermott a kan wani ɗan tsibiri. Amma don Allah ƙanwata, ku tafi da rigar ruwa ko da kun ga rana ta fito. Bara a wani daji na jiƙe sharkaf da ni da yara, muka dawo da mura ta mako guda.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ya tsaya mini a rai a Lough Key ba furannin ba ne. Wurin nan a da gandun wasu masu ƙasa ne, dangin King, ana kiransa Rockingham. Katafaren gidansu ya ƙone a 1957, hasumiyar kankare da za ku hau ku hangi tafkin a gurbinsa aka gina ta. Abin da wuta ba ta ci ba shi ne hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. An haƙa su ne don barori su riƙa shigo da itace da abinci ba tare da masu gida da baƙinsu sun gan su ba. Na shiga ciki da ɗana. Sanyi, duhu, bango yana tsattsafo da ruwa, na dafa dutsen na ji damshi a tafin hannuna. Yaron ya ce, Baba, me ya sa ba sa bi ta ƙofa? Wallahi na daɗe ban ba shi amsa ba. Hajiya, ku shiga. Wanda ya ga bishiyoyin bai ga ramin nan ba, rabin wurin ya gani.

Maman Biyu: Ikon Allah. Yaya, Inna za ta iya shiga kuwa?

Ɗan Damagaram: Ba shi da tsawo sosai. A riƙe mata hannu, a bi a hankali. In ta gaji sai ta zauna a bakin tafki.

Malam na Sligo: A cikin garin Boyle kuma ku leƙa kangon gidan ibadar 'yan zuhudun Kirista da aka kafa a 1161. Ba rufi, amma ginshiƙan dutsen suna nan tsaye, har da sassaƙen dabbobi a kawunansu. Rabin sa'a ya isa.

Yaya Babba: Ƙannena, in kun ba Lough Key yini ɗaya, yini na biyu na Strokestown ne, wajen rabin sa'a a mota. A can gidan tarihin babbar yunwar Ailan yake. Daga 1845 cuta ta kama dankalin turawa, wanda shi ne tuwon talakan ƙasar, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu miliyan ɗaya suka bar ƙasar. Mai gandun, Manjo Denis Mahon, ya ga masu hayar gonakinsa sun kasa biyan kuɗi, sai ya biya kuɗin jirgi a kwashe su. A 1847 mutum 1,490 suka taka da ƙafa daga nan zuwa Dublin, kilomita 165, aka wuce da su Liverpool, daga can Kanada. Da yawansu ba su isa da rai ba. Shi ma a watan Nuwamba na shekarar aka harbe shi. Takardun koke da talakawan suka rubuta masa suna roƙon abinci ko aiki suna nan a ajiye, za ku gan su da idonku. Hanyar da suka bi yanzu an yi mata alama da ƙananan takalman yara na tagulla. Na durƙusa na taɓa ɗaya, bai fi tsawon tafin hannuna ba.

Ɗan Damagaram: Yaya Babba, gaskiya ne. Ina karanta takardun nan sai kakata ta faɗo mini a rai, yadda take ba mu labarin farin 1973, lokacin da suka sayar da dabbobi har da akuyar ƙarshe. Ina jin Inna za ta fahimci wurin nan fiye da mu duka, in an fassara mata.

Anti Nas: Abinci fa, ku yi guzuri daga gida. Shinkafa a kula, shayi a filas. Naman halal a ƙananan garuruwan nan sai an sha nema, in ba ku biya ta Ballyhaunis a Mayo ba, inda akwai masallaci tun 1987. Sannan da kun dawo masauki a duba ƙafafun yara da bayan kunnensu, akwai kaska a cikin doguwar ciyawa. Dogon wando da safa.

Malam na Sligo: Ku lura magariba a lokacin sai wajen ƙarfe tara, kada hasken rana ya sa la'asar ta wuce ku a daji. Ni darduma nake sawa a jaka, na yi sallah a gefen tafki ba wanda ya ɗaga mini gira. In maigida na son ganin ramin kwal, akwai Arigna a arewa maso gabas da Lough Key. An daina haƙa a 1990, tsofaffin mahaƙan ne ke zagawa da baƙi. Wannan kam ba na Inna ba ne, akwai sanyi a ciki.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Inna saƙon Yaya Babba, ta yi shiru, sannan ta ce Strokestown za a fara kai ta, daji ya biyo baya. Anti, rigar ruwan yara wace iri kika saya, mai haɗe da wando ko riga kaɗai?

Anti Nas: Mai haɗe da wando, da takalmin roba. Na yarana sun yi musu kaɗan, ki biyo ranar Juma'a bayan masallaci ki karɓa.